Kibiyar Ƙanwata da Fim ɗin Gidan Hajiya

Shekarar da na gama sakandare abu biyu suka shigo unguwarmu a Illela kusan lokaci guda: bidiyo, da ƙanwata da aka sallamo daga asibitin masu taɓin hankali. Bidiyon da guɗa aka tarbe shi. Ƙanwata kuwa ta bayan labule aka riƙa leƙenta.

Ba zan yi kwana-kwana ba, ta yi ciwon. Ni ban taɓa cewa ba ta yi ba. Tana da shekara goma sha biyar barci ya ƙaurace mata, ta riƙa hira da randar ruwa, wata rana ta kwashe kwanukan Inna kaf ta jera a ƙofar gida ta ce baƙi na tafe. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an kai ta wajen wani mai magani a Araba, ya cinye mana akuya bai tsinana komai ba. Daga ƙarshe kawunmu da ke aikin gwamnati a Sakkwato ya zo da motarsa, ya ce ya isa haka nan, ya tafi da ita. Ta yi watanni a can. Ta dawo ta yi ƙiba, an rage mata gashi, tana shan ƙwaya safe da yamma, tana magana a hankali kamar mai ɗauke da ruwa a faranti. Amma ita ce. Ranar da ta dawo ma sai da ta dube ni ta ce kaina ya koma sheƙar shamuwa.

Kafin ciwon babu wadda ta kama ƙafarta a kitso duk unguwarmu. Tun tana ƙarama matan aure ke aikowa a kira ta, daga baya ta ce ita ba ta bin gidaje, mai so ta zo. Tabarmarta na gindin dogon yaron tsakar gidanmu, da gwangwanin mai, da matsefi, da kibiyarta, siririn ƙarfen nan mai tsini da take tsaga kai da shi. Kitso kuwa kowace mace ta san yadda yake. Za ki zauna tsakanin ƙafafun mai yi, ki kwantar da kai a cinyarta, ki ba ta ƙeya. Ba kya ganin hannunta. Sai abin da ta ga dama.

Likitan da ya sallame ta ya jaddada wa kawu cewa kada a kulle ta a ɗaki, a bar ta ta koma ga aikin da hannunta ya saba. Ta koma. Da farko mata sun zo, rabi don kitso, rabi don su ga ko za ta ciji wani. Ba ta ciji kowa ba. Tsagarta na nan miƙe kamar an ja da zare. Na ɗauka an wuce wurin.

Sai ga fim.

Akwai wata Hajiya a bayan layinmu, mijinta babban ɗan kasuwa. Lokacin an rufe boda, amma kayansa ba su taɓa samun labarin an rufe ba. 'Yan kabu-kabu ke ratso daji daga Konni da atamfa da sabulu da kaset-kaset a ɗaure a bayan babur. Shi ya fara kawo bidiyo da janareta. Maza na nasu kallon a ƙofar gida, wannan ba ruwanmu. Namu lokacin bayan la'asar ne, a falon Hajiya. A saki labule, a cika ɗaki har bakin ƙofa, goyo na kuka, zufa na zuba. Da an kira magariba Hajiya za ta miƙe ta kashe, ko da ana tsakiyar yanka mutum ne. Washegari kuma sababbi sun zo, su ce sai an faro daga farko. Saboda haka duk fim mai ɗan tsawo, matan unguwarmu ba su taɓa ganin ƙarshensa ba. A bakin mai fassara ake jin ƙarshen, ana laluben takalma.

Mai fassarar wata 'yar uwar Hajiya ce, bazawara, ta yi zaman aure a Yamai ta dawo. Gwaggon Faransa muke ce mata, don ba ta buɗe baki ba ta jefo Faransanci ba. Ingilishi kuwa ko na gaisuwa ba ta ji. Amma ta sha kallon silima a can, kuma Allah ya ba ta baki. Sai ta hakimce a kujera kusa da talbijin da mafici a hannu, ta ba kowa na cikin fim uwa da uba, ta faɗi abin da ke ransa. In ta ce wane ɗan iska ne, to ya zama ɗan iska, ko da limamin garinsu ne.

Ni ban je ba da fari. Abin da na gani kawai shi ne tabarmar ƙanwata ta fara zama wayam. Wata rana maƙwabciyarmu ta zo, aka tsefe, aka yi rabin kai. Ƙanwata ta ɗaga kibiya za ta tsaga wajen kunne, matar ta zabura kamar kunama ta harbe ta, ta ce ta bar tukunya a wuta. Ta ja ɗankwali ta fice da rabin kai. Na jira ta dawo, shiru. Na bi ta har gida. Murhunta ko hayaƙi babu.

Na ce, "Ina tukunyar?"

Ta ce, "Ke ba ki ga fim ɗin gidan Hajiya ba ko? Tahi ki gani, kana ki zo ki yi mini tsiwa. Ni ɗiya ƙanana gare ni."

Bayan wannan babu wadda ta sake zuwa. Kullum da hantsi ƙanwata za ta shimfiɗa tabarma, ta jera kayanta, ta zauna. Ta goge matsefin da ba a taje komai da shi ba. Azahar ta yi ta naɗe. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambayi kowa ba, amma na lura ta koma yin shiru irin wanda ta fara da shi kafin ciwon, kuma ba ni kaɗai na lura ba. Baba ya dawo daga wajen canjinsa wata yamma, ya zauna, ya ce da Inna a haɗa mata kaya, kafin Sallar layya za a kai ta Kalmalo wajen kakarmu, ta zauna har mutane su manta.

Na ce, "Baba, mi tay yi?"

Ya ce, "Wa yac ce ta yi wani abu? Hutawa za ta yi."

Na san hutawar. Gidan kakarmu ɗaki biyu ne da rumbu a bakin tafki, tsohuwar ba ta ji sosai, kanta kuma babu gashin da za a kama. Kullewa ce, sai dai ɗakin ya fi faɗi. Na ce masa likita ya hana. Ya ce likita ba a Illela yake kwana ba.

Washegari bayan la'asar na ja mayafi na nufi gidan Hajiya.

Fim ɗin na wani asibiti ne a ƙasar Turawa, ƙaton gini a tsakiyar daji, an tara samari da 'yan mata da suka gagari iyayensu. Akwai wani abu da ke zaune ƙarƙashin ɗakin wanki, ba a nuna shi sosai, sai dai kiɗa ya tashi, fitila ta yi fari-fari, a wayi gari yaro ɗaya ya ɓace. Yaran na faɗa, likitoci na ƙara musu allura. A cikinsu akwai wata yarinya mai ɗan guntun gashi, shiru-shiru, wadda kullum wata nas ke zama a gabanta, yarinyar na taje wa nas ɗin gashi. Da aka nuno ta sai ɗakin ya ɗauki "ga ta nan, ga ta nan". Wasu suka waiwayo suka dube ni.

Gwaggon Faransa ta nuna ta da mafici. "Wagga da kuke gani, ita ce uwar ɓarna. Dubi idonta. Cewa take, bari dai ki saki jiki."

Turancina na makaranta ne, su kuma ta hanci suke magana, rabi nake kamawa. Amma rabin da na kama ba haka yake ba. Yarinyar tambayar nas ɗin take ko mahaifiyarta ta bugo waya. Na ci gaba da saurare. Duk inda yarinyar ta buɗe baki, Gwaggo sai ta sa mata mugunta. Aka kira magariba, Hajiya ta kashe, mata suka miƙe.

Gwaggo ta ce, "Bon, ga waɗanda ba su ji ba. Daga ƙarshe nas ta kwantar da kai, yarinya ta zaro tsinken saƙa, ta soke ta nan." Ta dangwala mafici a wuyanta. "An ce ta warke, ashe ba ta warke ba. Ba su warkewa."

Na ce, "Gwaggo, kin ga ƙarshen da idonki?"

"Na gan shi tun ba a yaye ki ba, a silima, a Yamai."

"Wannan kaset ɗin?"

"Tsohon yi. Baƙi da fari, da Faransanci. Wanga sake shi anka yi da kala, amma labari guda ne."

Na ce, "To ba ki gani ba kenan. In labari guda ne, mi ya sa anka sake? Wannan yarinyar tun ɗazu uwarta take tambaya, ke kina cewa wuƙa take nema. Tsohon fim kike ba mu, muna kallon sabo."

Har masu goyo suka fasa fita. Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa.

"Madamazel 'yar boko. Takardar taki ta fito ne, ko har yanzu jira ake?"

"Ta fito ko ba ta fito ba, na fi ki jin abin da suke faɗi."

"To zo ki hau kujerar mana."

"Zan hau. Amma ba da la'asar ba. Da hantsi za a sa, a kalla har ƙarshe, kowa ta gani da idonta."

Hajiya mace ce mai son kallo, ko na akwati ko na mutane, kuma fetur ba ya wuya a gidanta. Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce jibi da hantsi, kowa ta gama aikinta da wuri.

Na koma gida ina tafe ina tsara yadda za a yi. A raina na gama yanke cewa yarinyar nan ba ta kashe kowa ba. Na ga yadda take riƙe matsefi. Na tabbata Turawan da suka sake fim ɗin sun gyara shi ne, ita za ta ceci sauran yaran, Gwaggo ta ji kunya, mata su dawo.

Labari ya riga ni isa gida. Ƙanwata na zaune tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba ta ce, "Yaya, da ni za a."

Inna ta ce, "Ba inda za ki."

Ta ce, "Inna, an ce gidan da na zauna ake nunawa. Ina son in gani ko sun share shi."

Inna ta juyo kaina. Ni ce 'yar fari, ba ta faɗin sunana. "Ke wagga, kin ga abin da kika jawo ko?"

Na ce na gani, kuma da ita za ni.

Ranar kuwa, falon Hajiya bai ɗauke mu ba, har ta taga ake leƙe. Da muka shiga, wurin da babu masaka tsinke sai ga fili ya samu. Ƙanwata ta zauna a jikin bango, aka bar mata sarari hagu da dama kamar mai ƙyanda. Gwaggo ta sauka daga kujera da kanta, ta kaɗe mini ita da mafici, ta ce, "Bisimilla, malama."

Na hau na fara. Abin da na ji shi na faɗa, inda ban ji ba na ce ban ji ba. Wata ta ce fassarata ba gishiri. Na ce ba miya na zo yi ba. Amma a hankali suka fara bi. Da na gaya musu yarinyar cewa take an yi mata alkawarin za a zo ɗaukarta ba a zo ba, wata tsohuwa ta ce, "Allah sarki, ɗiyar mutane." Na saci kallon Gwaggo. Ta ƙura wa talbijin ido tana taunar goro.

Muka wuce inda magariba ke tsayar da mu. Daga nan babu wadda ta san hanya. Abin ɗakin wankin ya fito, aka yi ta gudu a dogon baranda, mata na salati, wata ta rufe fuska da goyonta. Sai komai ya lafa. Gari ya waye a fim ɗin. Nas ta shigo a gajiye, ta zauna a gaban yarinyar, ta saki gashi, ta kwantar da kai. Yarinyar ta ɗauki matsefi. Na buɗe baki zan ce, kun gani ko.

Ta soke ta. Ba sau ɗaya ba kuma. Waɗanda suka sake fim ɗin ba abin da suka gyara, jini suka ƙara, da kala, har kan gilashin taga.

Kaset ya ci gaba da tafiya, ni kuwa bakina ya mutu. Gwaggo ta tofar da goro a tafin hannu.

"Madamazel, mun daina jin ki. Fassara mana. Uwarta take tambaya?"

Na ce, "Kuna da idanu."

Aka yi dariya, irin ta wanda ya tsorata ya samu abin dariya. Sai kuma dariyar ta tsaya, don ƙanwata ma dariya take. A hankali take yi, kafaɗunta na rawa. Na kusa da ita suka ƙara matsawa.

Ta ce, "Wai nan ne asibitin? Mu cokalin ƙarfe ma ba a ba mu. Da tsinken tsintsiya nake yi wa nas-nas kitso." Ta share ido. "Kuma ba wani dodo. Wake ne kullum, sai layin magani."

Wata ta jawo ɗanta jikinta. Na ga Hajiya na duban ƙofa, tana neman yadda za ta sallame mu cikin mutunci.

Raina ya gama ɓaci, da fim ɗin, da Gwaggo, da su duka. Na sauko daga kujerar, na tsallake ƙafafun mutane, na fizge ɗankwalina, na zauna daɓas tsakanin ƙafafun ƙanwata na ba ta baya.

Na ce, "Tsefe."

Ta ce, "Nan?"

"Nan."

Hajiya ta ce, "A falona? Kan kafet?"

Na ce, "Zan share, Hajiya."

Ban san ta zo da kibiyar ba. Ashe kullum tana soke a ƙullin zaninta. Da ta zaro ta, wata ta yi ƙara, wasu biyu suka yi waje ba takalmi. Na kwantar da kai a cinyarta na rufe baki. Ni kuwa duk gidanmu an san ba na son kitso, ba na iya zaman, tun ina yarinya sai an danne ni. Na ji sanyin ƙarfen ya sauka a goshina, ya bi tsakiyar kai ya gangara har ƙeya. Ya tsaya daidai inda aka soki nas. Ya juya ya hau.

Ta ce, "Yaya, kanki ƙura kamar kin yi dambe da buhun gero."

"Yi aikinki."

"To daina motsi." Ta ƙwanƙwashe ni da matsefi.

Janareta ya mutu, ɗaki ya yi zafi, amma da yawa ba su fita ba. Kallo suke jira, na sani, kuma ba irin wanda suka samu ba. Suna zaune har aka kira azahar, kitso na tafiya layi bayan layi, wuyana ya ƙage, ƙafata ta yi tsami. Gwaggo ta ce ai 'yar uwa daban, ko kura ba ta fara ci daga gida. Na ce mata daga ƙasa, fuskata a cinya, in tana da ƙarshen wannan ma ta faɗa mana tun yanzu. Da aka gama na karɓi tsintsiya na share gashina tas, na ɗaura ɗankwali can baya yadda rabin kan zai fito, muka fita ta tsakiyarsu.

Na so in ce washegari layi aka yi a gidanmu. Ko mace ɗaya ba ta zo ba. Na zaga kasuwa da kaina a waje, na shiga gidan suna, na shiga gidan gaisuwa, ana yaba kitson, ana tambayar wa ta yi, in na faɗa sai a ce "Allah sarki" a canza magana. Sallah na matsowa, matan unguwa na ɗaukar kawunansu zuwa wata unguwa. Baba ya yi magana da mai motar da ke zuwa Kalmalo. Inna ta wanke wa ƙanwata kaya ta ninke a jaka.

Ana gobe tafiyar, da safe, Inna ta sunkuya tana hura wuta, ɗankwalinta ya zame. Sai na ga sabon kitso, ɗanye shar, mai na ƙyalli. Tsagar a karkace. Ba hannun gidanmu ba ne.

Na ce, "Inna, wa tay yi miki kitson ga?"

Ta ja ɗankwali da sauri. "Mi ya dame ki?"

"Tun da ta dawo, ta taɓa kanki?"

Ta ci gaba da hura wutar da ta riga ta kama.

Na ce, "Ina ta zagin matan gari ashe a banza. Wa zai ba ta kai, uwar da ta haife ta na ɗaukar nata zuwa wani gida?"

Ban taɓa yi wa Inna magana haka ba, kuma da ta ɗauki muciya ta kwaɗa mini, ba wanda zai ce ta yi laifi. Ta miƙe ta dube ni, idonta ya yi ja, ba na hayaƙi kaɗai ba.

Ta ce, "Ke kina makaranta lokacin. Ni na riƙe ta. Ni ta shaƙe a bakin randa, ba ta san ni ba. Ba fim na gani ba."

Wannan ban san shi ba, ba wanda ya taɓa gaya mini. Ƙanwata na gindin dogon yaro, ta shimfiɗa tabarma kamar kullum, duk ta ji.

Ta ce, "Na sani, Inna. An gaya mini a can. Shi ya sa ban ce ki zo ba."

Inna ta juya ta shige ɗaki. Na ɗauka shi kenan, na ƙarasa ɓata abin da ya rage. Na zauna a kan turmi ina jin haushin kowa. Tukunya ta tafaso, ba wadda ta kula ta.

Can sai ga Inna ta fito, ba ɗankwali. Ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba. Ta tsaya a bakin tabarma ta ce, "Mai kitson can ta ja mini gashi, kwana biyu ban yi barci ba. Tsefe shi."

Ta zauna, ta juya baya. Ta daɗe kafin ta kwantar da kan. Ina ganin leɓenta na motsi, hannunta ya damƙe gefen tabarma. Ƙanwata ta warware kitson wata, ta taje, ta shafa mai, ta ɗauki kibiya.

"Inna, saki wuyanki."

"Na saki."

"Ba ki saki ba. Kamar icce."

Na tashi na je na yaye labulen buhun da ke ƙofar zaure, na rataye shi a ƙusa, yadda duk mai wucewa za ta hango tsakar gida. Inna ta ce, "Ke wagga, sake mini labule." Na ce iska nake so. Masu dawowa daga rijiya suka rage tafiya. Wata ta yi sallama wai ta zo aron rariya, ta tsaya riƙe da rariyar ba ta tafi ba.

Ana cikin haka Baba ya shigo ɗaukar buta. Ya tsaya ya dubi matarsa kwance a cinyar 'yarsa, ya dubi ƙofa a buɗe, ya dube ni. Ya yi gyaran murya.

"Mai mota ya ce da sassafe. An gama haɗa kayan?"

Ƙanwata ba ta ɗago ba, tana kan tsaga. Ta ce, "Baba, ba ni tahiya. Ƙanana nake yi mata, ba su ƙarewa yau."

Ya ce da Inna, "Kin ji abin da tac ce?"

Inna ta amsa daga cikin zani, muryarta a toshe. "Malam, da rabin kai kake so in yi Sallah?"

Ya ɗauki butarsa ya fita, ya sunkuya ya wuce ta ƙarƙashin labulen da na rataye, bai sauke shi ba.

Kitson nan sai da ta ja shi har jajibirin Sallah. Mai mota ya zo ya yi ta hon a ƙofar gida, na fita na ce masa ya tafi, babu fasinja.